Yadda zaka gwada tashin ƙwayoyin T na kifi a lab, ka ga sigina na biyu da idonka

Masu furojet a kan garkuwar jikin kifi, toh ga yadda nake yin wannan gwajin da karfasa. Amma fara riƙe abu ɗaya tukunna: ƙwayar T, wato ɗaya daga cikin fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, bata tashi da kira ɗaya. Kiran farko shine lokacin da TCR ɗinta, wato makamin da ke jikinta na gane cuta, ya kama ɗan guntun furotin na cuta da wata ƙwaya ta ɗora a kan MHC, furotin da ke kamar faifan nuni a jikinta, tana nuna mata. Wannan kamar sallama ce a ƙofar gida, an ji ka amma ba a ce ka shigo ba. Iznin, wato kira ko sigina na biyu, shine furotin CD28 na jikin ƙwayar T ya haɗu da abokinsa a jikin mai nunin, mu mutane irinsa biyu gare mu, CD80 da CD86, a kifin tarawut (trout) kuwa guda ɗaya aka samu mai kama da su duka, shi yasa zaka ga ana rubuta CD80/86 a haɗe. In kira na biyun bai zo ba ƙwayar sai ta yi lamo, ba IL-2 (sinadarin da ke sa ƙwayoyin T su yawaita), ba rarrabuwa, kuma ko an dawo mata da cutar gobe tana iya yin kunnen uwar shegu.

Yanzu aiki. Ka sa kifin barci da maganin MS-222, in babu man kanumfari ma yana yi, sannan ka zuƙe jini ta jijiyar wutsiya da sirinji mai hefarin (maganin hana jini daskarewa) dan kar jajayen ƙwayoyi su cika maka samfur. Kifi bashi da ɓargo mai yin jini irin namu kuma bashi da kaluluwa, dan haka inda zaka nufa shine saifa da ƙodar gaba, wadda take can bayan kai. Nan fa ake tafka kuskure, ni karon farko ƙodar baya na yanko, mai tace fitsari, na wuni ina neman ƙwayoyi kamar mai neman allura a rairayi.

Ka murje naman a hankali ta rariyar ƙwayoyi cikin ruwan rainon ƙwayoyi na L-15 mai sanyi, ka ɗora a kan Percoll (ruwan da ke raba ƙwayoyi bisa nauyinsu) hawa biyu, kashi 34 a sama 51 a ƙasa, ka juya a injin centrifuge, fararen zasu taru a tsakani kamar wani siririn hazo. Ka tsotse su da fifet, ka wanke, ka ƙirga masu rai da tirifan bulu.

Ga wurin da ya fi min daɗi. Raba ƙwayoyin gida biyu. Kashi ɗaya ka barshi yadda yake, ɗayan kuma ka zuba a farantin roba ka bashi awa biyu haka, makurofaj (ƙwayoyin da ke haɗiye cuta su nuna wa ƙwayar T) da dangoginsu zasu manne a ƙasa, sai ka kwashe na saman kawai. Kaga ka cire masu bada izni kenan. Duka biyun ka sa musu PHA ko ConA, sinadaran da ke tayar da ƙwayoyin T, kuma dan Allah ka ware ramuka da ba a sa musu komai ba, ba tare da su ba sakamakonka labari ne kawai. Bayan kwana 3 ka auna yawansu da gwajin MTT, mai nuna yawan masu rai ta launi. Abin da ake sa ran gani shine na farkon sun ninka sosai, waɗanda aka raba da makurofaj kuwa sun yi sanyi, duk da maganin iri ɗaya suka sha. Ba zai zama sifili ba, wasu masu mannewar kullum sai sun sulale sun biyo.

Zafin inkubeta kuma, kar ka kuskura ka sa 37 dan haka ka saba da ƙwayoyin ɓera. Karfasa wajen 28 take so, tarawut ƙasa da 20. Ƙwayoyin T na kifi sanyi na kashe musu jiki sosai, an daɗe da ganin haka a tarwaɗar Amurka, dan haka in lokacin hunturu kake aiki kuma wuta na yawan ɗaukewa, ka rataya tamomita a ciki kana rubutawa safe da yamma.

Shi CD28 ɗin kansa, kar ka ɓata kuɗin furojet kan antibodi na mutum ko na ɓera, yawanci basa kama na kifi. Ka cire RNA a awa 6, 24 da 48, ka yi qPCR, wato auna yawan RNA na kowanne, na CD28, CD80/86, IL-2 da CTLA4, ka daidaita da EF1a ko beta-aktin waɗanda matakinsu bai cika canzawa ba. CTLA4 ɗin shine birki, a dabbobi masu shayarwa abokin CD28 ɗin nan yake kamawa har ya fi shi riƙo, kuma sai bayan ƙwayar ta tashi yake bayyana, shi yasa awo na lokaci ɗaya bazai nuna maka komai ba. Firaima na qPCR ɗin kuwa ka zana daga jerin halittar karfasa kanta, ka gwada su a jel kafin ka taɓa samfur na gaske.