Idan sitiyari ya fara yawo bayan an ɗaga mota

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara ce ga masu Land Cruiser 80 da suka sa dogon sifirin saboda ramukan hanyar Mora zuwa Kusiri a Kamaru, yanzu kuma mota tana yawo hagu da dama, sitiyari ba ya komawa tsakiya da kansa bayan kwana.

Kada ku yi saurin sayen damfar sitiyari, wato shakazobar da ke rage girgizar sitiyari. Tana rufe ciwon ne kawai.

Ku fara da abin da ba ya cin ko sisi. Mota tana ƙasa, yaro ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, kai kuma ka kwanta ka zuba ido a kan tayarod (sandan da ke haɗa tayoyin gaba su juya tare) da bushin ɗin sandan da ke riƙe da aksul ta gefe. Duk wanda ya yi wasa, a canja shi. Sannan a sa jak, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza; in ta motsa, boris ne.

In duk lafiya, to kasta ce, wato kusurwar da ke riƙe taya a miƙe. Ɗaga mota yana juya aksul na gaba, kusurwar ta ragu, ko da santimita 5 aka ƙara ana iya jin bambanci. Maganinta bushin na gyaran kasta, sai a yi saitin ƙafa. Ni haka na yi wa tawa a Garwa, ta daidaita.

Don Allah ku gaya wa bakanike ya ɗaure kusoshin bushin bayan an sauke mota ƙasa, in ba haka ba robar za ta yage da wuri.