Yadda Ake Neman Littafin Poker da Aka Daina Bugawa

Masu neman tsohon littafin wasan karta na poker sukan yi kuskure iri ɗaya. Suna rubuta sunan littafin a intanet, su ga kwafi mai araha, su biya nan take, sai littafin ya iso su tarar da bugun da ba shi suke so ba, ko kuma wani kwafi mai cike da kurakuran da suka lalata darussan da ke cikinsa. Don haka aikin farko, tun kafin a duba kasuwa, shi ne tantance ainihin bugun da ake nema.

Ka rubuta cikakken sunan marubuci, da kamfanin da ya buga littafin, da shekarar bugu. Sunan littafi kaɗai ba ya wadatarwa, domin littattafan poker sukan canza suna daga bugu zuwa bugu. Littafin shahararren ɗan wasan poker Doyle Brunson da aka sani da Super/System ya fara fitowa ne a ƙarshen shekarun 1970 da wani dogon suna dabam, kuma akwai Super System 2 da ya biyo baya, wanda littafi ne mai zaman kansa. Idan littafin yana da lambar ISBN, wato lambar shaida da ake ba kowane bugu na littafi, da ita za ka yi bincike. Ka lura cewa lambar tana da alƙaluma 10 kafin shekarar 2007, daga nan ta koma 13, kuma littattafan da suka fito kafin wajajen 1970 ba a buga su da ita ba. Shafin WorldCat, wanda ke tattara jerin littattafan ɗakunan karatu na ƙasashe da yawa, yana nuna bugu-bugun da aka yi da yawan shafukan kowane, kuma kyauta ake duba shi.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi cancantar a daɗe a kansa, wato gwada ingancin tacewar da aka yi wa littafin kafin a fitar da kuɗi. A littafin labari, kuskuren harafi ɗaya ba ya hana fahimta. A littafin poker kuwa, darasi gaba ɗaya yana rataye ne a kan alamar kati ɗaya ko adadi ɗaya. Idan marubuci yana bayanin ɗan wasan da yake riƙe da katunan A♠ da K♠ a hannunsa, sai mai shirya shafi ya mayar da ɗaya daga cikinsu ♣, to shawarar da ta biyo baya ba za ta yi ma'ana ba, kuma sabon ɗan wasa ba zai gane cewa laifin littafin ne ba, zai ɗauka shi ne bai fahimta ba. A littafin da ba a tace ba, kati ɗaya yana iya bayyana sau biyu a misali guda, a hannun ɗan wasa kuma a kan tebur, alhali katunan 52 ne kuma babu wanda yake da tagwai.

Gwajin da na fi amincewa da shi na lissafi ne. Ka nemi mai sayarwa ya turo maka hoton shafi biyu ko uku masu ɗauke da misali, sannan ka bi lissafin da kanka. A wasan Texas Hold'em, wani nau'in poker da ake buɗe katuna har biyar a tebur, idan mutum yana riƙe da katuna biyu, an buɗe uku a tebur, kuma huɗu daga cikin biyar ɗin alamarsu ɗaya ce, to katuna 9 ne suka rage masu cika masa biyar masu alama ɗaya, a cikin 47 da bai gani ba. Damar samu a kati na gaba kusan kashi 19 cikin ɗari ce, idan kuma za a ga katuna biyun da suka rage, ta kai kusan kashi 35. Littafin da ya haɗa waɗannan adadi biyu ba tare da fayyace wanne yake nufi ba zai koya wa mai karatu biyan kuɗi a inda ya kamata ya ajiye katunansa ya janye. Edita nagari shi ne yake kama irin wannan, shi ne kuma yake tilasta wa gwanin wasa ya yi bayanin abin da yake ganin kowa ya sani, domin iya wasa dabam, iya rubutu dabam. A ganina, bugu na biyu ko na uku da aka gyara ya fi bugu na farko amfani ga mai son koyo, ko da yake masu tara littattafai don ajiya bugu na farko suke bi, shi ya sa ma ya fi tsada.

Ka guji kwafin da aka ɗauki hoton tsohon littafi aka bar na'ura ta mayar da shi rubutu aka sake bugawa, domin na'urar takan hargitsa alamomin karta da jadawalin lissafi. Ana gane irinsa da sabon bango marar sunan kamfanin asali.

Daga nan sai neman kwafin. Shafin BookFinder yana kwatanta farashin dillalai da yawa a wuri ɗaya, sannan AbeBooks da Alibris da Biblio da eBay duk suna da tsofaffin littattafai. Idan farashin ya yi sama ƙwarai, kada ka yi gaggawa, ka sa sunan littafin a jerin abin da kake jira a shafin dillalin domin a sanar da kai idan wani kwafi ya fito. Ka haɗa kuɗin aikawa a lissafinka, domin wani lokaci yakan zarce kuɗin littafin. Ka tambayi mai sayarwa ko shafukan sun cika, da ko wani ya yi rubutu a kan jadawalin. Idan karatu kawai kake so, ɗakin karatu na iya aro maka shi daga wani ɗakin karatun, kuma Internet Archive yana ba da aron wasu tsofaffin littattafai a kan allo.