Yadda Ake Shimfiɗa Kafet a Matakalar Bene

Mutane da dama sun tambaye ni yadda ake wannan aiki. Tun da yawancin matakalun gidajen Maradi na siminti ne, da gam za a liƙa, ba da ƙusa ba.

1. A auna faɗin wurin taka ƙafa da tsayin hawa ɗaya, a haɗa su. Idan santimita 28 ne da 17, an sami 45. Matakala 15 za ta ci mita 6 da santimita 75.
2. A ƙara rabin mita kafin a je kasuwa.
3. A toshe ramukan siminti, a bari su bushe.
4. A share ƙura sarai, musamman a lokacin hunturu, domin gam ba ya kama wuri mai ƙura.
5. A shafa kafet da tafin hannu, a juya shi yadda gashinsa zai kwanta ya fuskanci ƙasa.
6. A shafa gam a mataki ɗaya kawai, daga na ƙasa.

Gargaɗi: a buɗe tagogi, a nisantar da murhu da sigari, saboda gam ɗin yana kama wuta. Kada a ɗora kafet sai gam ya fara danƙo. A nan gaggawa take ɓata wa mutane aiki.

7. A danna kafet cikin lungun mataki da guntun katako har ya zauna daram.
8. A maimaita har sama.
9. A yanke rarar da sabuwar reza.
10. A hana yara hawa sai washegari.