Yadda Nake Gwada Sensar Zafin Mai Kafin In Ɗaura Ta a Injin Jirgi

Jirgin da nake haɗawa a garejina, a bayan garin Denver, ƙaramin Zenith CH 701 ne mai injin Rotax 912 ULS. Rotax sun ce zafin man injin kada ya wuce digiri 130 na Celsius, kuma kada a tashi sai ya kai 50. To amma lambar da allo ke nunawa, wa ya tabbatar maka gaskiya ce? Sensar da ke jin zafin man tamista ce, wato turjiyarta ga wutar lantarki, wadda ake aunawa da om, tana raguwa idan zafi ya ƙaru. Irin ta VDO tana kusan om 320 a digiri 50, ta faɗo kusan 18 a digiri 150. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ka tanadi mita mai auna om, ma'aunin zafi, ƙanƙara, man gyaɗa, murhun lantarki da tsohuwar tukunya. Na ce tsohuwa, don ni ta uwargida na ɗauka, kuma na sha magana.

Ma'aunin zafin za ka fara gwadawa, don da shi za a yi wa sensar shari'a. Daka ƙanƙara, ka zuba ruwa kaɗan, ka juya: ya nuna 0. Sai tafasasshen ruwa. A nan mutane ke ruɗewa, domin tafasar ruwa a digiri 100 a bakin teku ne kawai. Duk hawan mita 300, kusan digiri ɗaya ke raguwa. A Denver ruwa a wajen 95 yake tafasa. Sannan haɗa bakunan wayoyin mitarka biyu, ka rubuta abin da ta nuna, ka riƙa cire shi daga kowane awo.

Yanzu ɗora mai a wuta. Rataya sensar da waya, bakinta cikin mai, kada ta taɓa gindin tukunya, ma'aunin kuma ya tsaya dab da ita. Waya ɗaya ta mita a kan kanta, ɗaya a jikinta. Bari ya kai 140, ka kashe wuta, ka yi ta juyawa. Lokacin da yake hucewa nake rubutu, kowane digiri 10, saboda a hawa mai yana riga sensar yin zafi, sai lissafi ya karkace. Aikin yana cin lokaci, ka haɗa shayi.

Daga jerin ka zaɓi uku: 50, 90 da 130. Ƙara wa kowanne 273.15 ya koma ma'aunin zafi na Kelvin, ka saka su a lissafin Steinhart–Hart, wanda John Steinhart da Stanley Hart suka fitar a 1968. Zai ba ka lambobi uku, A, B da C. Gwada su da awon 110 da ba ka saka ba. In ya kauce fiye da digiri ɗaya ko biyu, sake dafa mai. In allonka jeri yake karɓa, shigar da jerin kai tsaye.

Sai abin da na ce ka riƙe. Sensar nan waya ɗaya gare ta, wuta ta jikin inji take komawa. A wajen digiri 130, ƙarin om 3 kacal daga sako-sakon haɗi zai sa allo ya rage maka kusan digiri 5, mai na ƙuna, kai kana ganin lafiya lau. Ni farin tef ɗin masu gyaran famfo na naɗa mata a wurin murɗawa, shi ya jawo min haka. Na cire shi, na goge wurin, na auna tsakanin jikin sensar da jikin inji har mita ta nuna kusan sifili.

Kafin in tayar da inji, na zare wayar daga kan sensar, na jona ta da jikin inji ta cikin resista (ɗan abu mai tsayayyar turjiya) mai om daidai da awona na digiri 130. Allo ya nuna 129, jan fitilar gargaɗi ba ta kama ba, sai na sauke iyakar gargaɗin zuwa 125.