Yadda za ka bi Super Eagles ƙetare ba tare da guzuri ya yanke maka ba

Sana'ata gidan kallon ƙwallo ce a Kano. Na shafe shekaru ina zaune a bakin ƙofa ina karɓar kuɗin shiga, ina raba faɗan 'yan Arsenal da 'yan Chelsea, amma ban taɓa ganin Super Eagles ido da ido a wata ƙasa ba sai a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairun 2024. Na damƙa wa ƙanina makullin janareto, na ce masa mako biyu zan yi. Wata guda na yi cur. To, daga nan zan fara, domin a nan ne na fi shan wuya.

In za ka yi lissafin guzuri, ka yi shi kamar ƙungiyarku za ta kai wasan ƙarshe, ko da zuciyarka na gaya maka ba za ta kai ko'ina ba. Ni na raina yaran José Peseiro, kocinmu a lokacin. Da muka tashi 1-1 da Ikwatoriyal Gini a wasan farko, har na fara tambayar motar komawa. Sai ga shi mun ci masu masauki 1-0, mun fitar da Kamaru 2-0, Lookman ya sake jefa wa Angola ɗaya. Kowace nasara murna ce a fili, amma in na koma ɗaki sai in zazzage jaka in ƙirga abin da ya rage. A daidai ƙarshen Janairun nan kuma naira ta zube warwas, duk abin da ƙanina ya turo mini sai ya iso a rame. Saboda haka ka canza kuɗinka tun kana gida, a Wapa ko wurin ɗan canjin da ka yarda da shi, ka riƙe sefa ko yuro. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 ne yuro ɗaya, ba ta rawa kamar kuɗinmu. Kada ka dogara da katin bankinka na naira sai ka je banki sun tabbatar maka yana aiki a waje. Nawa a lokacin ado ne kawai a cikin walat. Ka kasa kuɗin gida uku: na cikin aljihu, na ƙasan jaka, da kuɗin motar komawa wanda ko da yunwa ba za ka taɓa ba.

Takardu ba su da yawa. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa ƙasashen ECOWAS, kwana 90 ake ba shi. Fasfo dai ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Abin da mutanenmu ke wasa da shi shi ne katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya je ya yi ta ana gobe tafiya ya yi aikin banza. Ka yi ta gaske a ofishin lafiya na filin jirgi, ka bar masu cewa za su haɗa maka a bayan fage. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma su bincika halin da ake ciki kafin su tashi, tunda muna tsaka da gasar nan ne, ranar 28 ga Janairu, Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga ECOWAS.

Jirgi ya fi sauƙi ga mai hali. Ni ta ƙasa na bi. Da iyakar Nijar a buɗe take, da ta Yamai da Wagadugu zan gangara Buwake, tsohuwar hanyar fatakenmu, amma a lokacin tana rufe saboda takunkumin bayan juyin mulkin Yulin 2023. Dole na sauka Legas, daga can Kwatano, Lome, Akra, sannan Abijan, tafiyar kilomita dubu da 'yan kai, iyaka huɗu. Ka tanadi ƙananan kuɗi, ka tanadi haƙuri wanda ya fi su yawa. A wata iyaka mun yi awa uku a tsaye saboda wani fasinja ba shi da katin allura, mota guda tana tsine masa. Ka tuna Gana sidi take ci, ba sefa ba, ka riƙe na ruwa da abinci. Da ka shiga Togo kuma ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya.

Maganar masauki ita ce wadda nake so ka saurara da kyau. Na biya kuɗin wani otal ta intanet tun ina Kano, na iso da dare a gajiye, mai karɓar baƙi ya dubi fuskata ya ce ɗakin an ba wani, sai dai in ƙara ninki. Ba na jin Faransanci, shi ba ya jin Turanci, aka rasa mai raba mu. Abin da ya cece ni masallaci ne. Da asuba na yi sallah a unguwar Treichville ta Abijan, bayan sallama na ji wasu dattawa biyu suna gaisawa da Hausar Tawa. Na matsa na durƙusa na ce, "Baba, ina kwana, baƙo ne daga Kano." Ɗayansu ya ce, "Yaro, ƙwallo ta kawo ka har nan?" Ya yi dariya har da tafa hannu, sannan ya haɗa ni da ɗansa. Kafin azahar na samu ɗaki a wani gida, kuɗinsa na mako bai kai na kwana biyu a otal ɗin can ba. Hausawa sun daɗe a Abijan, a Treichville da Adjame da Kumasi ta Abijan, suna sayar da nama, goro, takalma da waya. Kafin ka bar gida ka nemi lambar wani a can ta hannun 'yan kasuwar garinku. Kuma ka tafi da ɗan tsaraba, kilishi ko yaji ko turare. Hannu biyu ake zuwa gidan mutane da shi, ba hannu rabbana ba.

Abinci ba zai dame ka ba. Akwai garba, wato dambun rogon da suke kira aceke da soyayyen kifin tuna da tumatir da attarugu. Ko sunan ma ya ishe ka shaida, mutanen Nijar ne aka sani da sayar da shi tun asali. Shi na ci kusan kullum. Wuraren cin abincin da suke kira maki kuwa, ka tambaya kafin ka zauna, da yawa akwai giya da naman alade.

Ka sayi layin waya na can ranar farko, da fasfonka ake rajista, ka buɗe asusun kuɗi na waya, Wave ko Orange Money, domin har mai shayi yana karɓa. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa, cajar mu mai ƙafa uku ba ta shiga, ka sayi mahaɗi.

A gasar 2024 ɗin, tikitin wasannin rukuni ya kama daga sefa 5,000 zuwa 15,000. A kwanakin farko shafin sayarwa yakan nuna sun ƙare, ka shiga fili ka tarar da kujeru fayau. Ka riƙa leƙawa safe da yamma, ka je rumfunan sayarwa na hukuma da sassafe. 'Yan bumburutu a bakin fili sai in ba yadda za ka yi, kuma kada ka miƙa kuɗi sai ka ga tikitin ya wuce na'ura.

Ka san filin da za a buga tun kafin ranar. Filin Félix Houphouët-Boigny yana Plateau, tsakiyar gari, ko ta jirgin ruwan da ke ratsa tafkin Abijan za ka iya zuwa daga Treichville. Na Alassane Ouattara kuwa yana Ebimpe, can arewa da birnin wajen Anyama, mai cin mutum 60,000. Zuwa da sauƙi in ka fita awa huɗu kafin wasa, a gbaka, wato ƙananan bas ɗinsu, ko motocin da aka tanadar wa 'yan kallo. Dawowa ce aiki. Ka shirya taka sayyada mai nisa kafin ka samu abin hawa. Wasan ƙarfe biyu na rana kuma ka zo da hula da tawul. Ka baro hunturu a Kano, can gumi ne kamar an kifa maka tukunya. Wasan ƙarfe biyar yana cinye magariba, sai ka yi alwala tun a masauki, ka tambayi malaminku hukuncin kasaru da haɗa salla kafin ka taso.

In gasa ta kai ku wani gari, ka kama mota a daren da aka san abokin karawa. Wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu a Buwake aka yi, ranar 7 ga Fabrairu, kusan kilomita 350 daga Abijan. Waɗanda suka bari sai ranar wasa sun biya kuɗin mota mai zafi. Na kwana a tabarmar wani mahauci, na ga mai tsaron gidanmu Nwabali ya tare fenareti biyu, muryata ta dishe kwana uku.

Sai rigarka. Koriya da fara abin alfahari ce a cikin fili, amma ka sa wata a jaka. Mutanen Kodebuwa masu barkwanci ne, tsokana ce tsakaninmu kamar ta Bafillace da Babarbare. Duk da haka ranar da Ikwatoriyal Gini ta zuba musu 4-0 gari ya ɗau zafi, maigidana ya ce, "Yau ba fita," ban kuwa fita ba.

Ranar wasan ƙarshe da masu masauki a Ebimpe, Troost-Ekong ya ci da ka kafin hutun rabin lokaci, muka yi ta tsalle mu 'yan tsiraru a cikin tekun riguna ruwan lemo. Kessié ya farke, Haller ya ƙara a minti na 81. Na cire koriyar rigata na cusa a jaka, na sa jallabiya, na bi ayarin masu rawa a ƙafa har kusa da Abobo kafin na samu gbaka. Na isa gida wajen ƙarfe uku na dare, na tarar da dattijon nan zaune a ƙofa da rediyonsa, ya ajiye mini garba a leda. Ya ce, "Ɗan Kano, ci ka kwanta, motar Legas ƙarfe bakwai take tashi."