Yadda za ki je gwajin bakin mahaifa a Kumasi

Mata daga Aboabo da Asawase sun yi ta tambaya, ga matakan. Gwajin na neman alamun sankarar bakin mahaifa ne, ga mai shekara 30 zuwa sama, mai HIV kuwa tun daga 25.

1. Zaɓi ranar da ba ki cikin al'ada, jini yana ɓata sakamako.
2. Kwana 2 kafin ranar, ki dakatar da kwanciyar aure.
3. Ki bar matsi da wankin ciki da sabulu. A nan yawanci ake kuskure: wankin yana kwashe abin da za a duba.
4. Kira asibiti, Komfo Anokye ko na kusa da ke, ki ji rana da kuɗin gwajin.
5. In ba ki jin Tonanci (Twi) ko Turanci, tafi da babbar mace mai ji. Ban da yaro, kunya za ta hana ki magana.
6. Faɗa wa nas ranar al'adarki ta ƙarshe.
7. Kwanta ki saki jiki, minti kaɗan ne.
8. Koma ki karɓi sakamako. "An ga canji" ba lallai sankara ba ne, sai dai kada ki ƙi komawa.

In kin ga jini bayan kwanciya ko bayan al'ada ta ɗauke, ki ga likita a makon nan.