Jari mai yawa ba ya gyara na'urar da aka yi wa gaggawa

Na gaji da ganin sababbin kamfanonin ƙera na'urori suna tara miliyoyin daloli, sannan su durƙushe a kan kurakurai iri ɗaya.

Mafi tsada a cikinsu shi ne a ga samfur ɗaya yana aiki a ce kaya ya kammala. Wanda injiniya ya haɗa da hannunsa daban, guda dubu goma da za a haɗa a masana'antun birnin Shenzhen na ƙasar Sin daban. Sai a garzaya a sassaƙa ƙarfen da ake zuba roba a ciki tun zane bai tsaya ba. Ƙarfen nan yakan ci dubban daloli da makonni, kuma rage shi ba wuya, amma mayar da abin da aka sassaƙe aiki ne ja. Ka sauya girman batir, sai dai sabon ƙarfe. Manhaja dare ɗaya ake gyara ta, na'ura kuwa aibinta bin ta yake har gidan mai saye. Jawbone, wani kamfanin Amurka, ta fitar da abin ɗaurawa a hannu mai auna motsin jiki mai suna UP a ƙarshen 2011, ya riƙa ƙin riƙe caji, dole ta dakatar da shi ta mayar wa mutane kuɗinsu. Ni dai ba na yarda a taɓa ƙarfe sai an haɗa kamar guda hamsin an gana musu azaba: a yar a ƙasa, a sa a zafi, a jiƙa, a yi ta caji ana saukewa.

Sai lissafi. Juicero ta tara kusan dala miliyan 120, ta ƙera injin matse jakar ruwan 'ya'yan itace na dala 699. A 2017 kafar labarai ta Bloomberg ta nuna hannu ma yana matse jakar, a shekarar kamfanin ya rufe. Haba jama'a! Duk cikinsu ba mai tambayar me injin zai yi wanda hannu ba zai yi ba? Ka zauna ka haɗa kuɗin sassa, haɗawa, jigila, kwastan, rabon dillali da kayan da za a dawo da su. In farashin sayarwa bai ninka kuɗin ƙerawa sau uku ba, ni nan nake tsayawa.

Kuɗin masu saye tun kafin a ƙera bashi ne. Lily Robotics ta karɓi odar dala miliyan 34 ta jirgi maras matuƙi, ta rufe a Janairun 2017 ba ta kai kaya ba.

Kada ka dogara da mai sayarwa guda ɗaya wajen samun sassan na'urarka. Kuma ka sa hutun sabuwar shekarar Sin a jadawalinka, masana'antu kan rufe na makonni.